Sai An Rufa Tawul

Ni ce na hana Rumfar da aka shirya fita ranar da aka tara jama'a dominta, kuma ko gobe aka sake kawo mini irin wannan, abin da zan yi ke nan. Waɗanda suka ce na cika taurin kai ba su yi mini ƙarya ba. Abin da ba sa faɗa shi ne a kan me na kafe.

Rumfa ita ce manhajar da muke haɗawa, irin babbar manhajar nan da ke tuƙa kwamfuta gaba ɗaya, wadda in babu ita na'urar ba ta da maraba da faranti. Tamu buɗaɗɗiya ce. Kowa na iya leƙa cikinta, ya ga yadda aka ɗinka ta, ya farke inda bai yi masa ba, ya sake ɗinkewa, ya miƙa wa maƙwabcinsa kyauta. Ba mai biyan mu. Kowa da aikin da yake ci da shi: ni ina kula da kwamfutocin wani ofishin inshora, shugabanmu Dogo malami ne, akwai mai gyaran waya, akwai ma'aikaciyar jinya da ke mana fassara in ta sauka daga aiki. Ƙarshen mako muke haɗuwa a wani ɗaki saman shagon masu buga takardu, ɗakin da fankarsa ke juyawa kamar roƙonta aka yi, kujerun kuma babu biyu masu kama da juna.

Dokokinmu ba su da yawa, amma akwai biyu da ba a wasa da su. Sabon zubin Rumfa ba ya fita sai mutum biyu sun sa masa hannu, kowa da makullinsa na sirri a cikin kwamfutarsa, wato Dogo da ni. Sannan ba a sa hannu sai an rufa tawul.

Maganar tawul daga Yayana ta samo asali. Idonsa ya tafi tun yana saurayi, hawan jinin ido ne ya cinye shi a hankali. Aikinsa rubuta hirarrakin da aka naɗa: masu bincike su aiko masa da murya, ya saurara ya buga, kwamfuta tana karanta masa abin da ya buga. Da wannan yake riƙe da gidansa, har ya riƙe ni a makaranta. Zuciya kuwa ya fi ni, in dai an yarda akwai wanda ya fi ni. Ka riƙe masa hannu ku tsallaka titi, zai yi maka godiya har da addu'a. Amma ka kai hannu kan kwamfutarsa, ranar za ka san ba ka san shi ba.

Shekarun baya na ja shi zuwa zamanmu, lokacin muna ta yabon kanmu wai Rumfa ta kowa da kowa ce. Ya saurare mu har muka gaji. Sai ya miƙa hannu ya zare tawul ɗin da ke wuyan Dogo, don Dogo mutum ne mai gumi ko ana sanyi, ya laluba ya lulluɓe fuskar kwamfutar da shi, ya ce to bismillah, a ɗora masa Rumfa a haka. Muka yi tsuru-tsuru. Ba wanda ya iya wuce matakin farko. Dogo ne ya fara dariya, shi ne kuma ya dafa tebur ya ce daga yau ba abin da zai fita da sunanmu sai an ɗora shi fuska a rufe, da kunne kawai. Muka duƙufa har muka sa wa Rumfa murya tun daga farko. Da ka kunna na'ura za ta yi 'yar ƙara, sai murya ta yi maka sannu da zuwa, ta riƙa faɗa maka inda kake da abin da za ka danna. Yaya ya raɗa wa muryar suna Gwaggo, wai ba ta gajiya da maimaita magana. Tawul ɗin bai sake komawa wuyan Dogo ba. Yana rataye a ƙusa bayan ƙofa, ruwan toka ne yanzu, amma da shuɗi ne.

Haɗa manhaja irin tamu na buƙatar babbar na'ura mai ƙarfi, wadda ake kira saba, mu kuwa ba mu da ita. Da ta aro muke aiki. Akwai 'yan Tsani, wata ƙungiya irin tamu da ke haɗa tasu manhajar don makarantu, shugabansu wani mai surutu da ake kira Gemu. Tsakaninmu da su tsokana ce ba dare ba rana. Su ce iska kaɗan ke kwashe Rumfa, mu ce Tsani bai taɓa tsayuwa da ƙafarsa ba sai an jingina shi. Duk da haka in sun gama aikinsu sukan bar mana sabarsu mu yi namu, mu kuma mu ba su fassararmu da gyare-gyaren firinta. Layi ne dai, wani lokacin sai mun jira har mun ƙosa.

A bana tsohuwar kwamfutar Yaya ta fara sallama. Ta ɗauki zafi, ta mutu ana tsakiyar aiki, har wata doguwar hira da ya kusa gamawa ta bi ruwa ya sake daga farko. Ya daure ya sayi sabuwa. Matsalar ita ce tsohon zubin Rumfa bai san kayan sautin sabuwar ba, zai hau amma bebe ne. Sai sabon zubin da muke kan haɗawa. Na ce ya kawo in yi masa wata dabara kafin nan, ya ce in adana dabarata, shi zai ɗora abinsa da hannunsa kamar yadda ya saba. Kwalin sabuwar ya zauna a kan durowa, Anti matarsa tana goge shi kullum da safe. Duk ranar da na shiga gidan, kafin in zauna zai ce, Auta, ina labari? Ni da shi mun san labarin da yake tambaya.

Ana cikin haka kamfani ya shigo, masu hayar wurin ajiyar bayanai ne. Wakiliyarsu mace ce mai fara'a, ba zan ci zalinta ba, ta san aikinta kuma ba ta taɓa ɗaga mana hanci ba. Suka ba mu saba tamu ta kanmu, suka ce za su kama mana zaure ranar fitarwa, har da riguna masu sunan Rumfa. Abin da suka nema kaɗan ne a baki: shafi ɗaya mai tambarinsu ya fara bayyana in za a ɗora Rumfa, mutum ya danna alamar ya gani, ya wuce. Dogo har da ƙwalla. Shekara da shekaru yana bin ofisoshi yana roƙo, ana ba shi shayi ana raka shi ƙofa. Ni ma na yi murna, ƙarya ne in ce ban yi ba. Muka kwashe kayanmu daga sabar Tsani, wasu cikinmu har da yi musu gwalo a zauren hirar waya da muke tare. Gemu kalma uku ya rubuto: a sauka lafiya.

Ranar gwaji ban samu zuwa ba, intanet ɗin ofishinmu ya ɗauke, aka tsare ni can. Da yamma saƙo ya shigo cewa tawul ya wuce lafiya, saura sa hannuna. Na ce zan sa, amma bari Yaya ya fara ɗanɗanawa. Washegari da hantsi na zuba sabon zubin a filashi, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a kwamfuta, na nufi gidansa ina ta rawar kai.

Anti ta sauko da kwalin. Yaya ya wanke hannu, abin da yake yi ke nan in zai taɓa sabon abu, ya buɗe da kansa, ya shafa madannan ɗaya bayan ɗaya yana gyaɗa kai. Ya laluba ya soka filashin, ya kunna. Na'urar ta yi 'yar ƙararta. Ya karkatar da kai yana jiran Gwaggo, bakinsa har ya fara murmushi.

Gwaggo ba ta ce uffan ba. Ni ina tsaye a bayansa ina ganin abin da ke faruwa: tambarin kamfani ne ya cika fuskar, yana juyawa yana sheƙi, da wani ɗan akwati a ƙasa da ke jiran a kai masa linzami, wato maus, a danna. Yaya ya danna babban madanni, shiru. Ya gwada na tsallakawa, shiru. Ya ƙara sauti har ƙarshe, ya cire abin kunnensa ya sake sakawa, ya kashe ya kunna. Anti ta zo da shayi ta tsaya da faranti a hannu. Fankar ɗakin kaɗai ake ji.

"Auta," ya ce, "akwai wani abu a fuskar, ko?"

Na ce akwai. Na ce ba komai ba ne, danna ɗaya ce, hannuna kuma ya riga ya tafi. Ban san yadda ya ji ba, ya cafke mini wuyan hannu kafin in kai.

"Kar ki taɓa."

Ya sake ni, ya kashe na'urar, ya zare filashin ya ajiye mini a gefen tebur. Ya mayar da kwamfutar cikin ledarta, ledar cikin kwali, ya rufe. Sannan ya jawo tsohuwar ya ce wa Anti ta kawo masa ƙaramar fankar nan ya saita mata, yana da aikin da zai miƙa. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Na fito zuciyata na tafasa, ga kunya kamar in nutse.

Ban sha wahalar gano yadda aka yi ba, mai gyaran waya ya ba ni labari yana ta dariya don bai san abin da ya faru ba. Ashe kowa na ɗokin ganin tambarin a karon farko. Sai suka kunna na'ura fuska a buɗe, suka kalla, suka tafa, wani ya kai linzami ya danna, sannan aka ce af, a kawo tawul. Daga nan Gwaggo ta yi ta zuba har ƙarshe, suka rubuta cewa gwaji ya wuce. Ba mugunta ba ce. Idonsu ne ya yi musu aiki ba su ma lura ba, alhali don a rufe idon aka ƙirƙiro tawul ɗin tun farko.

Na zauna in gyara, don a wurinmu in ka ga ɓaraka ba ka kai ƙara, ɗinkewa kake yi. Nan na ci karo da bango. Shafin kamfani a kulle yake, ba su ba mu cikinsa ba, dunƙule ɗaya suka aiko. A duk faɗin Rumfa shi kaɗai ne abin da ba mai iya buɗewa. Yarjejeniyar kuma ta ce ba a taɓa shi, ba a sa komai a gabansa, ko da murya ce. Na kira Wakiliya. Ta nuna damuwa ƙwarai, kuma na yarda har zuciyarta ne. Ta ce za ta kai maganar sama, sai ta bi ta wurin masu zane, ta bi ta wurin lauyoyi, in Allah ya yarda zubi mai zuwa za a gyara. Sannan don ta kyautata mini, ta ce ko a yau tana iya aiko ma'aikacinsu har gida ya ɗora wa Yayana. Na yi mata godiya da baki, na kashe wayar kafin bakin ya faɗi sauran.

Dogo na same shi a ɗakin malamai yana gyaran takardun jarabawa. Ya saurare ni yana share wuya da sabon tawul, fari, mai tambarin kamfani a gefe. Ya ce kuskure ne, ya amsa. Ya ce amma in duba: an kama zaure, an buga riguna, an gayyaci mutane, sabar nan kuma ita ce abin da muka yi shekaru muna mafarki. Ya ce in muka karya yarjejeniya za su ɗauke abinsu, mu koma bin layi a ƙofar Gemu bayan mun yi masa gwalo. Ya ce in sa hannu yanzu, shi ya yi alkawarin bin maganar har a gyara.

"Danna ɗaya ce fa, Auta. Wa ya rasa wanda zai danna masa sau ɗaya?"

Na ce masa wanda ya rasa shi ne duk wanda ke zaune shi kaɗai a ɗaki, na'ura ta yi masa shiru, bai san ko ta mutu ba ne ko jiransa take. Na ce wanda bai rasa ba ma, wa ya ce yana so? Na tuna masa wuyan da aka zare tawul ɗin farko daga kai, da bakin da ya yi rantsuwa. Malaman da ke ɗakin suka daina rubutu. Ya rage murya ya ce kar in mayar da aikin jama'a maganar gidanmu. Wannan ta shige ni, don akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma na ce ko maganar gidan wa ce, makullina ba zai taɓa wannan zubin ba.

Daga nan zauren hirarmu na waya ya kama da wuta. Wasu suka ce in an bi ta tawa Rumfa za ta mutu a saman shagon buga takardu. Wani ya ce a karɓe makullin daga hannuna, aka tuna masa cewa a dokarmu ko wannan ma sai na sa hannu. Wani ya turo hoton tawul sanye da rawani, wai sabon shugaba. Ma'aikaciyar jinya ce kaɗai ta fito fili ta ce tana bayana, sauran masu goyon bayan a ɓoye suke turo mini saƙo, irin goyon bayan da ba ya hana ka faɗuwa. Na ji zafi, musamman daga mutanen da na koya wa aikin da hannuna.

Na koma wurin Yaya na ce ya bi ni zauren ranar taro, ya zauna gaban kowa ya gwada, su gani da idonsu. Ya juyo da fuskarsa saitin muryata.

"Ni ba abin nuni ba ne. In sai an ga makaho yana lalube kafin a tausaya, ku bar shi."

Na ce ai don shi nake wannan faɗan. Ya ce to in daina, shi bai aike ni ba. In dokarmu doka ce in tsaya a kanta, in kuma alfarma ce muke masa, ya yafe. Ka ji mutum. Na fito ina ƙunƙuni, Anti ta biyo ni har ƙofa tana ba ni haƙuri, ta raɗa mini cewa tsohuwar ta sake mutuwa sau biyu da safe, kuma masu ba shi aiki sun fara tambayar me ke jawo jinkiri.

Sai na ajiye girman kai na tafi wurin Gemu. Sabarsu tana wani ɗan ɗakin ajiya a makarantar da yake aiki, tsakanin karyayyun kujeru da kwalayen alli, tana gurnani. Da ya gan ni ya miƙe ya goge mini kujera da hularsa, wai manyan baƙi, 'yan kamfani, me za a kawo muku? Na bar shi ya yi ta har ya ƙoshi, don yana da haƙƙi. Sannan na faɗa masa abin da ya kawo ni: ina so in haɗa Rumfa ba tare da shafin ba, kuma ba zan yi a sabar kamfani ba, don ban iya cin amanar mutane a cikin ɗakinsu ba. Ya daina dariya. Ya ja gemunsa ya ce su ma suna da zubin da ke kan layi, amma za su ɗaga mana. Sai dai da sharaɗi. Akwai ɗalibai marasa gani a makarantun da ke amfani da Tsani, kuma su ba su taɓa gwada tasu manhajar fuska a rufe ba, kunyar tambayarmu suke ji saboda tsokana. In an gama, in zo in koya musu tawul, in ara musu Gwaggo. Na ce Gwaggo ba ta aro ba ce, ta kowa ce, su ɗauka. Ya ce ya sani, amma ya fi daɗi a ce an ba ka.

Ranar taro na shiga zauren da filashi biyu a jaka, ɗaya mai shafin kamfani, ɗaya wanda na haɗa a sabar Gemu, da tsohon tawul a kafaɗa. Kowa na sanye da sabuwar riga, ni ina cikin kayan da na saba. An kafa babban allo, an rataya tutar kamfani, Wakiliya na kujerar gaba, Gemu da mutanensa sun jeru a baya suna cin biskit ɗin da aka raba. Dogo ya tare ni a gefen dandali, fuskarsa duk ta faɗa. Ya yi zaton tunda na zo, na sauko ne. Na ce masa zan sa hannu a gaban kowa in zubin ya wuce tawul a gaban kowa, kuma shi zai zauna a kujerar. Na ce in ya ƙi, ba zan yi hayaniya ba, zan koma gida da makullina. Ya dube ni ya dubi jama'a. Ya san ba zai iya ƙi ba, don shi da bakinsa ya sa labarin tawul a jawabin da zai yi.

Ya hau ya yi godiya, ya yabi kamfani, ya ba da labarin al'adarmu, mutane suka tafa. Na cire wayar babban allo. Na rufa tawul a fuskar kwamfutar tun tana kashe, na ja gefensa har ya sauka kan tebur, na ɗauke linzamin na sa a jakata. Dogo ya zauna ya kunna. 'Yar ƙarar ta fito ta manyan lasifikokin zauren, kowa ya ji ta.

Sai shiru. Da farko mutane na murmushi, suna zaton cikin shirin ne. Dogo ya danna madanni, ya sake dannawa. Wani ya yi tari. Wata kujera ta yi ƙara. Na ga hannunsa na dama ya tafi inda linzami yake zama, ya shafa tebur, ya dawo. Ya san sarai abin da ke ƙarƙashin tawul ɗin, ya san inda akwatin yake, amma ba hanyar kai wa gare shi. Gumi ya jiƙa masa sabuwar rigar. Ban taimake shi ba, na bar shirun ya yi tsawon da ya yi a ɗakin Yaya, har na ƙara masa kaɗan. Wakiliya ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta.

Dogo ya ɗago, bai dube ni ba, ya miƙo hannu.

"Kawo ɗayan."

Na ba shi. Ya soka ya kunna, tawul na nan inda yake. Ƙarar ta fito, sai ga Gwaggo da muryarta ta hanci ta cika zauren tana sannu da zuwa, tana tambayar wane harshe ake so. 'Yan Tsani suka fara tafi daga baya, Gemu har da tsayuwa. Dogo ya bi ta mataki-mataki har ƙarshe, sannan ya sa hannu, ni ma na sa. Ya juya ya ba Wakiliya haƙuri a gaban jama'a, ya ce za mu sa sunan kamfaninsu a shafin godiya inda murya za ta iya karanta shi, in sun yarda.

Ba su yarda ba. Ita ta so, na sani, amma ba ita ke yanke hukunci ba. Suka ɗauke sabarsu cikin mutunci, da takardar fatan alheri. Mutum uku ko huɗu suka bar mu, ciki har da wanda ya fi kowa iya zane, kuma har yau muna jin rashinsa. Dogo yana gaishe ni, ina gaishe shi, amma hirar da muke yi a matakala bayan an tashi ta mutu, ban san ko za ta dawo ba. Mun koma layi a ƙofar Gemu, kuma ba ranar da ba ya tuna mana. Ba na cewa abin bai ci mini komai ba.

Ranar taron kuwa, ina fita daga zauren, gidan Yaya na wuce kai tsaye, ko ruwa ban tsaya sha ba. Na tarar yana fama da tsohuwar, ƙaramar fanka na hura mata iska. Kafin ya tambaye ni labari na ɗora masa filashin a tafin hannu. Ya juya shi, ya tambaya ko an rufa tawul. Na ce an rufa. Ya ce tun daga ina? Na ce tun tana kashe. Ya kira Anti ta sauko da kwalin, ya je ya wanke hannu. Na jawo kujera zan zauna kusa da shi.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Fita. Ki ja mini ƙofar."

Na buɗe baki zan ce wani abu, don bayan duk abin da na sha ina ganin ko kallo na cancanta. Anti ta kama mini mayafi ta ja ni waje, ta rufe ƙofar da kanta. Muka tsaya a baranda, ita da tsumman goge-goge a hannu, ni da tsohon tawul a kafaɗa. Can muka ji 'yar ƙarar. Sai muryar Gwaggo ta biyo ta ƙarƙashin ƙofa, sannan ƙarar madannai, da sauri, ba tsayawa. Anti ta sa tsumman ta rufe bakinta. Ni kuma da nake cewa ba na kuka, sai da na nemi gefen tawul ɗin.

Bai kira mu ba har ya gama. Wayata ce ta yi ƙara a jaka, na duba, saƙo ne a shafin da ake kai wa Rumfa ƙorafi, daga sabuwar kwamfuta. Ya rubuta cewa a mataki na zaɓen agogo Gwaggo tana maimaita kanta sau biyu, a gyara.